Inda Allura Ta Tsallake

Duk wanda ya taɓa zama kusa da maɗinkin babbar riga a cikin birnin Zariya, ya kuma yi haƙurin kallonsa tun daga ranar da aka fitar da zane har zuwa ranar da za a kai rigar wurin mabuga, ya san cewa aikin allura bai ci ko sulusin rigar ba. Aska takwas tana zaune a ƙirjin hagu tana gangarowa kan aljihu, tambari yana ƙirjin dama, ɗan'uwansa kuma yana baya tsakanin kafaɗu. Sauran rigar, wato wannan makekiyar shadda ko saƙi da ake naɗewa a kafaɗa, allura ba ta ratsa ta ba sai wajen haɗi. Mai riga ya biya kuɗin zare, ya biya ladan watannin da maɗinki ya yi a sunkuye, amma bai biya ko anini ba saboda wurin da aka tsallake. Duk da haka, da za a cire askar nan a dasa ta a tsakiyar wani aiki da ya cike ko'ina, da babu mai hango ta daga ƙofar fada.

Shin wurin da allura ta tsallake yana cikin aikin, ko kuwa saura ne da lokaci da kuɗi suka kasa kaiwa gare shi? In yana cikin aikin, na wane ne, kuma wa ke da halin barinsa? Tambayar ta yi kama da ta masu zane da masu tsara shafin littafi, amma a ganinmu jijiyarta tana cikin ɗabi'a. Muna so mu ɗauke ta daga Zariya mu kai ta Kurmi, unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, domin a gida fili yana da araha, kuma ba a sanin mai kyauta sai ranar da abu ya yi tsada.

Bari mu fara da harshe, tun da shi ne abin da muka fi sani. Hausa ba ta ɗauki babu a matsayin abu guda ba. Tana da fili da sarari, tana da giɓi da gurbi, tana da kango da kufai, sannan tana da wofi. In aka auna su da igiya duk ɗaya ne, wuri ne da ba kome a cikinsa, amma babu Bahaushen da zai musanya ɗaya da ɗaya. Fili wuri ne da aka bari ko aka share domin wani abu ya faru a cikinsa, shi ya sa ake da filin idi da filin dambe, har gidajen rediyo suka ari kalmar suka raɗa wa shirye-shiryensu. Sarari ya fi kusa da numfashi. Wanda bashi ya sake shi, ko aiki ya yi masa sauƙi, cewa yake yi ya sami sarari. Abin lura kuma shi ne, idan magana ta bayyana har kowa ya gane ta, sai mu ce ta fito fili, ko tana nan a sarari. Ashe tun kafin a buɗe sashen koyar da zane a kowace jami'a, harshen ya riga ya yanke hukunci cewa ba a ganin abu sai da taimakon wurin da ke kewaye da shi.

Giɓi kuwa wani abu ne dabam. Wushirya da giɓi a baki ɗaya suke zaune, faɗinsu ma yana iya zuwa daidai. Ta farkon mawaƙa na yabonta, samari na rasa barci saboda ita. Na biyun mai shi yakan kare baki da hannu in zai yi dariya. Abin da ya raba su tarihi ne: a nan ba a taɓa yin haƙori ba, a can an yi, ya fita. Gurbi ya ɗara giɓi da abu guda, wato yana riƙe da siffar mai shi, yana jiransa. Kango gida ne da mutane suka fita, rufi ya bi bayansu, kufai kuma gari ne da ya tashi. Wofi shi ne wanda ba ya jiran kowa, ba ya tuna kowa, watakila ma dalilin da ya sa kalmar ta zama zagi ke nan. Mai karatu ya riƙe waɗannan kalmomi, domin za mu bukace su can gaba, inda maganar za ta bar riga ta koma kan mutane.

Kada dai mu yi wa kanmu kirarin da ba namu ba. Bahaushe ba mutum ne mai tsoron cikawa ba. Wanda ya shiga ɗakin amarya a zamanin jeren kwano ya ga bango a rufe tun daga ƙasa har rufi da tasoshi da fantekoki da samiru, ba a bar wa ƙadangare wurin ɗora ƙafa ba. Fuskokin gidajen attajirai a Zariya da Kano a tsakiyar ƙarni na 20 an lulluɓe su da dagi da takobi da keke da agogo, har da mota da jirgin sama. Zayyanar allon sauka haka take, rigar malum-malum ma ba ta san tsallake ba. To, amma a dubi inda waɗannan abubuwa suke tsaye. Jere yana cikin ɗaki, ɗakin kuwa yana buɗewa ne ga tsakar gida wadda ake sharewa fes safe da yamma. Fuskar gida mai ado tana kallon ƙofar gida, inda mutum zai ja da baya taku ashirin ya ƙare mata kallo. Mai malum-malum kan doki yake, a dandalin fada. Cikawar tana da filinta, sai dai filin yana wajenta, kuma jama'a ce ke riƙe da shi.

Maginanmu na da sun san wannan. Abin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, masallacin da wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023, shi ne ya tanƙwara azara da laka domin ya ɗaga rufi ya nisanta ginshiƙai. Duk wahalar bakan gizo da ɗaurin guga saboda sararin da ke ƙarƙashinsu ake yin ta. Misalin da ya fi ratsa mu kuwa yana cikin tsofaffin littattafan malamanmu. Marubucin da ke kwafar littafin fiƙihu ko na nahawu, a lokacin da takarda ke ƙetaro Sahara a bayan raƙumi, yakan rubuta layi kaɗan a shafi, ya bar tazara mai faɗi tsakaninsu, ya bar gefe. Ba almubazzaranci yake yi ba. Ya san wani ɗalibi da bai haifa ba zai zauna gaban wani malami da bai sani ba, ya rubuta fassara da sharhi a wannan tazara. A Alƙur'anan Barno da Baturen nan A. D. H. Bivar ya ci karo da su a ƙarshen shekarun 1950, waɗanda ɗayansu ke ɗauke da tarihin da ya yi daidai da 1669, a irin wannan tazara ne aka sami tsohon harshen Barebari a rubuce. Da marubutan sun cike shafi, da wannan harshe ya tafi ba shaida. A nan fili rabon wani ne da aka ajiye masa.

Da wannan guzuri za mu shiga Kurmi. Hausawa da Nufawa sun san Anacha ta hanyar kogin Kwara tun kafin Turawa su zana taswirar Nijeriya, kuma har yau akwai titunan da ke ɗauke da sunan Bida da Sakkwato da Kano a kewayen babbar kasuwar garin. Inugu da Fatakwal kuwa 'ya'yan gawayin kwal ne da jirgin ƙasa. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka kafa Fatakwal domin fitar da shi, Lugga ya raɗa mata sunan sakataren mulkin mallaka Lewis Harcourt a 1913, dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916, sannan gadar Makurɗi ta 1932 ta sa jirgi ya riƙa tasowa daga Arewa ya zarce har bakin teku ba tare da fito ba. Shanu suka bi, wake da albasa da busasshen kifi suka bi, mahauta da 'yan koli da maɗinka hula da malaman tsibbu suka bi. Abin da ake kira Sabo a ƙasar Yarbawa, Zango a Gana, shi Ibo ke kira Ama Awusa, kasuwar dabbobi kuma Gariki, kamar ta Ugwuoba da ke kan hanyar Inugu zuwa Anacha. Zaman ya yi nisa har Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, a ƙarƙashin tutar jam'iyyar NCNC.

Wanda ya shiga irin waɗannan unguwanni da idon mai zane, abin da zai fara damunsa shi ne rashin wurin da ido zai huta. Shago ya haifi rumfa, rumfa ta haifi tebur, tebur ya hau kan kwata. Allon tallan da aka buga da kwamfuta yana ɗauke da sunan mai shago da laƙabinsa da garinsu, da hotonsa, da hoton rago da sa da buhun shinkafa, da lambobin waya uku, da addu'a a sama da wata a ƙasa, cikin launi biyar. Malamin zane zai ce allon da ya faɗi abu goma bai faɗi kome ba, domin mai wucewa a kan babur daƙiƙa biyu yake da ita. Gaskiya ya faɗa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma in aka cika masa mudu sai ya kau da kai.

To, amma kafin mu yi wa mai shagon dariya, ya kamata mu tambayi kanmu wane ne yake iya barin fili. Babban banki yana iya hayar allo mai tsawon gida, ya rubuta kalma ɗaya a tsakiya ya bar sauran fari, saboda kowa ya riga ya san sunansa, gobe ma yana da kuɗin wani allon. Farin nan da ya bari shi ne alfaharinsa. Yana ce wa mai kallo, dubi abin da nake iya zubarwa. Mai sayar da albasa a Diobu allo ɗaya yake da shi, da awo aka caje shi kuɗinsa, kuma bai san ko baɗi mai gida zai sabunta masa haya ba. A garinsu ba ya bukatar allo, domin an san kakansa. A nan ba wanda ya san shi sai abin da ya rubuta, saboda haka yake rubuta duka. Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne, kuma wanda ya san rana na iya busar da shi kafin hantsi ba ya barin magana sai gobe. Mu kanmu malamai mun san wannan hali. Bayan da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, littattafan da aka riƙa bugawa a Kano, waɗanda aka laƙaba wa sunan adabin kasuwa don kwatanta su da na Anacha, da yawansu sun cinye gefen shafi sun matse layi, takardun darasin da ake raba wa ɗalibai a jami'o'i ma haka. Ba wanda ya yi wannan don ya ƙi kyau.

Ke nan akwai rashin adalci a cikin koyar da barin fili kamar wata tsarkin zuciya ce da talaka ya rasa. Sai dai uzurin yana da iyaka, kuma iyakar a bayyane take. Farin da ke kan allo na mai allo ne, in ya cike shi kansa ya cuta. Lungun da ke tsakanin rumfuna ba nasa ba ne. A garin da ruwan samansa ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kwatar da aka ɗora wa tebur takan mayar da ruwa ɗakin maƙwabci. Hanyar da kowa ya ci taki ɗaya daga cikinta, ranar gobara motar kashe wuta a bakin kasuwa za ta tsaya, kuma wannan ba ya bukatar dogon bayani ga duk wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016. Abin da ke faruwa shi ne, filin da a gida al'ada da mai unguwa ke tsare wa jama'a, a baƙunta ya zama ba shi da mai tsaro, kowa na ganin in bai ci ba wani zai ci. Muna ganin a nan ne aikin Sarkin Hausawa da dattawan unguwa ya fi nauyi, fiye da rakiyar 'yan siyasa: su zama masu cewa wannan wuri ba na sayarwa ba ne.

Wuri ɗaya ne a unguwar ya tsira daga wannan cunkoso, wato cikin masallaci. Kome ƙanƙantarsa, ko da na kwano ne a bayan mayanka, za ka tarar da shi fayau, daga tabarma sai agogo. Tsakanin Azahar da La'asar ba ya kawo wa kowa ko kwabo, a unguwar da ake hayar kowane taku, amma ba wanda ya taɓa kawo shawarar a zuba buhuna a ciki. Kuma a wannan wuri ne dai liman ke juyowa kafin kabbara ya ce a daidaita sahu a cike giɓi. Babu saɓani tsakanin abubuwan biyu. An bar ɗakin fili ne domin mutane, saboda haka tazarar da ta rage tsakanin kafaɗa da kafaɗa wurin mutum ce da bai shigo ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa rashin kome, a kan kansa, ba alheri ba ne kuma ba sharri ba ne; sai an tambaya don wa aka bar shi.

Turawan mulkin mallaka sun ba da tasu amsar. Ana yi wa Fatakwal kirari da birnin lambu saboda faffaɗan tituna da filayen da aka tsara ta da su, amma a tsarin garuruwa na zamanin Lugga, wanda dokar 1917 ta ƙarfafa, an shar'anta a bar tazarar yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai saboda sauro da gobara. A irin wannan tazara aka shimfiɗa filayen wasanni masu koren haki a garuruwa da dama. Ga ido abin sha'awa ne, kuma kowane ɗalibin zane zai ba shi maki. A haƙiƙa katanga ce da aka gina da iska, wadda ta fi ta dutse arha, ba ta kuma bukatar gyara.

Masu masaukinmu a Gabas suna da tasu fasahar barin fili, wadda ya kamata ɗalibin Hausa ya sani. Uli zane ne da matan Ibo ke yi a jiki da ruwan 'ya'yan wata itaciya, yana baƙi bayan an shafa, yana ɓacewa cikin kamar mako guda. Suna kuma yin sa a bangon gidaje da wuraren bauta, damina ta wanke, a sake. In aka ajiye shi kusa da zayyanarmu, bambancin a fili yake: layi ne siriri da ke tafiya ya lanƙwasa ya tsaya, ya bar fata ko bango ya ƙarasa maganar. Abin mamaki shi ne, hanyar da uli ya bi ya shiga zanen zamani ta Arewa ta ratsa. Uche Okeke a Kafanchan ya tashi, garin mahaɗar jiragen ƙasa, kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tare da su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna neman a daina kwaikwayon Turai ido rufe. Daga nan ya koma wa zanen iyayensa mata, daga baya ya shugabanci sashen zane a Nsukka bayan yaƙi. Obiora Udechukwu, haifaffen Anacha a 1946, ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1965, ya bar ta a 1966. Ya shahara da zanen da layi kaɗan ke ɗauke da shi, sauran takardar fari, kuma ya nazarci yadda masu zanen ƙasar Sin ke barin takarda ta zama hazo ko ruwa. Da yawa daga cikin mutanen da ya zana 'yan gudun hijira ne da mayunwata. Idan muka dubi farin da ke kewaye da su, ba ma iya ɗaukarsa wushirya. Mun san abin da ya fitar da mai zanen daga Samaru.

Wajibi ne mu faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba, tun da a jami'a muke. A watan Mayu da kuma Satumba da Oktoba na 1966 an kashe dubban 'yan Gabas, akasarinsu Ibo, a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka bar Sabon Gari suka nufi gida. An kashe 'yan Arewa a garuruwan Gabas, kuma a watan Oktoba gwamnan soja na yankin, Laftanar-Kanar Odumegwu Ojukwu, ya ce waɗanda ba 'yan yankin ba su fita, domin ba zai iya lamunce tsaronsu ba. Jirgin da ya kawo shanu shi ya kwashe masu shanun. Cikin 'yan makonni ƙasar ta sami manyan wurare biyu da ba kowa, Sabon Gari a can, Ama Awusa a nan, suna kallon juna daga nisan ɗaruruwan mil. Yaƙi ya biyo baya daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970.

A nan ne kalmomin da muka ce a riƙe suke da aiki. Gidan da mai shi ya gudu ya bari, fili ne, ko gurbi ne, ko wofi? Wanda ya zaɓi kalmar ya riga ya yanke hukunci. A Fatakwal an zaɓi kalmar "yasasshiyar dukiya" ga gidajen Ibo da suka gudu a lokacin yaƙi, aka kafa kwamitoci, ciki har da wanda Manjo David Mark ya shugabanta a shekarun 1970, kuma da yawa daga masu gidajen ba su sake shiga ɗakunansu ba. Har yau ciwon bai warke ba. Kalmar yasarwa tana nuna mai abu ya jefar da shi da son ransa, alhali kowa ya san yadda aka yi ya fita. Ana kuma ba da labarin maƙwabta a garuruwan Arewa da suka riƙe wa masu gidaje gidajensu, suka tara musu kuɗin haya har suka dawo. Ba mu kawo wannan don mu wanke kanmu ba, domin mutanen ba za su bukaci mai riƙe musu gida ba da ba a kore su ba. Mun kawo shi ne saboda ya nuna cewa a gaban ɗaki guda da ba kowa, wani yana ganin dama, wani yana ganin siffar mutumin da ya fita. Na biyun yana yin irin abin da marubucin Barno ya yi, sai dai nasa ya fi wuya, domin marubucin takardarsa ya bari, shi kuwa wannan sai ya tsare wa wani abin da yake iya ci ba mai tuhumarsa.

Abin bai tsaya a 1966 ba. A watan Fabrairu na 2006, bayan zanga-zangar zanen ɓatanci na ƙasar Denmak ta rikiɗe ta zama kisan Kiristoci a Maiduguri, aka yi ramuwa a Anacha. Aka kashe 'yan Arewa, aka ƙone masallatai da rumfuna, waɗanda suka tsira suka fake a barikin soja ko suka tsallaka gadar Kwara zuwa Asaba. Mai gyaran takalmin da aka tare a bakin gada bai taɓa ganin zanen ba, bai san inda Denmak take ba, kamar yadda mai shagon da aka ƙone a Maiduguri bai sani ba. Bayan ƙura ta lafa mutane suka dawo, domin ciniki ba ya fushi. Amma wanda ya taɓa gudu da rigar jikinsa ba ya sake zama kamar da. Ba ya dasa itace, ba ya share tsakar gida mai faɗi, ba ya gina abin da ba zai iya bari cikin dare ba. Wani ɓangare na cunkoson da mai zane ke ƙorafi a kansa daga nan ya samo asali: rumfar kwano da katako gini ne na wanda kunnensa ke kan rediyo.

To, ina filin nasa yake? Yana gida. Gida biyu maganin gobara, in ji masu iya magana, kuma fataken Kurmi sun ɗauki karin maganar a zahirinta. Mutumin da ke kwana a kan buhuna a bayan shagonsa a Anacha sau da yawa yana da gida a Kano ko Sakkwato ko wani ƙauye a Katsina, mai zaure da faffaɗar tsakar gida da turakar da ke kulle wata goma sha ɗaya a shekara. Takwaransa Ibo da ke matse da iyalinsa a ɗaki biyu a Sabon Gari shi ma ya gina bene a ƙauyensu, wanda ba ya ganin fitila sai Kirsimeti. Kowanensu ya yi aikin allurarsa a garin wani, ya bar farin rigarsa a garinsu, sai ka ce riga ɗaya ce aka raba ta biyu, kogi ya ratsa tsakani. Masana tattalin arziki za su kira waɗannan gidaje dukiyar da aka binne, kuma da a ce ƙasa ce da mutum ke iya tsufa a inda ya yi ƙuruciyar kasuwancinsa ba fargaba, da mun yarda da su. A yadda abubuwa suke, muna ganin gidajen gurbi ne, kuma kuɗin da aka kashe musu harajin rashin amana ne da kowane ɓangare ke biya saboda ɗayan.

Ana gobe jajiberin Babbar Salla, bayan an sayar da ragunan ƙarshe a Gariki, manyan motoci kan cika da masu tafiya gida. Unguwar takan yi shiru na kwana goma ko mako biyu, a ga faɗin titin da aka manta yana da shi, a ga kwata, a ga ƙofar masallaci daga nesa. Mai shago yakan ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya ɗaga teburinsa ya jingine a bango, wurin da teburin ke tsayawa ya rage a share, taku uku ko huɗu a bakin hanya, a kasuwar da ake faɗa saboda rabin haka. Ba ya ɗaukar wurin ya tafi da shi, ba shi kuma da takardar mallakarsa. Abin da yake yi shi ne ya leƙa shagon da ke kusa, wanda sau da yawa na Ibo ne, ya ce masa da Turancin kasuwa zai dawo bayan Salla, ya sa masa ido.